Idan Ka Ji Ihun Maƙwabciyarka Da Tsakar Dare, Me Kake Yi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma maza nake so su fara amsawa kafin mata. A unguwanninmu gida a jikin gida yake, a gidan haya kuwa bango ɗaya ne tsakanin ɗaki da ɗaki. Ba yadda za a yi a riƙa dukan mace a layi a ce ba wanda ya sani. Mai shago ya sani, mai shayi ya sani, 'yan majalisar bakin layi sun sani, har yaran da ake aika sun sani. To me ya sa sai ranar da aka ɗauko ta ranga-ranga za a kai asibiti sannan kowa zai ce ai dama ya daɗe yana ji? Idan ka ji ihun maƙwabciyarka da tsakar dare, me kake yi? Abin da ake yi nake son ji, ba abin da ya kamata a yi ba.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda gaskiya kike so, yawancin maza ba sa fitowa, kuma ba don ba su da tausayi ba. Tun muna yara ake gaya mana tsakanin miji da mata sai Allah. Ka shiga rabo yau, gobe sun shirya, kai ka zama abokin gaba. Akwai wanda na sani ya shiga tsakani, da gari ya waye mijin ya bi layi yana cewa dama neman matarsa yake. Mutum mai iyali ba zai so a ɓata masa suna haka ba.

Maman Biyu:
Alhaji, da gobara ce ta tashi a gidan nan, za ka tsaya tunanin me za a ce da kai gobe?

Ɗan Kwari:
A'a, wannan daban. Gobara kowa zai fito, ba ni kaɗai ba.

Maman Biyu:
To ai nan nake so mu zo. Matsalar kenan, mutum ɗaya ne yake fitowa shi kaɗai, shi ya sa ake iya yi masa sharri. Da mutum huɗu ne suka tsaya a ƙofar gidan, ciki har da dattijo, wa za a ce yana neman matar?

Nas Mai Aikin Dare:
Bari in faɗi abin da muke gani a wurin aiki, ba tare da ambaton kowa ba. Mace za ta zo da kumburarren ido ta ce ƙofa ta buge. Wata ta ce santsi ya kwashe ta a banɗaki, alhali shatin yatsu na nan a wuyanta. Wata kunne ke zubar da ruwa, dodon kunne ya fashe, kuma mari ne ke yin haka. Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce mai ciki da ta zo tana zubar jini, uwar mijin na tsaye a kanta ita ke amsa duk tambayar da muka yi. Idan muka samu muka keɓe da ita, kalma ɗaya ce: don Allah kar ki rubuta, zai sake ni.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko an ji musu ciwo tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Wannan na waɗanda suka iya buɗe baki suka faɗa wa mai tambaya ne.

Sannan ku riƙe wannan: a Asibitin Murtala da ke nan Kano akwai cibiyar Waraka, ta waɗanda aka yi wa fyaɗe ko cin zarafi. Idan fyaɗe ne, kar a tsaya taron dangi tukuna. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, idan lokacin ya wuce ya wuce. A kai ta kafin ta yi wanka in da hali, kayan jikinta kuma kar a wanke.

Matashin Kurna:
Ni dai kullum maganar nan gefe ɗaya ake yi. Mata nawa muka ji sun daɓa wa mazansu wuƙa, ko sun watsa musu ruwan zafi? Wa ya yi musu gangami? Kuma a yi hattara, ƙungiyoyin nan masu karɓo kuɗi daga Turai burinsu su raba mata da biyayyar aure. Addini ya ba miji damar ladabtar da matarsa, ayar tana nan a Suratun Nisa'i.

Anti Malama:
Ƙanena, wadda ta kashe mijinta an kama ta, an kai ta kotu, gidajen rediyo sun yi mako suna magana. Babu wanda ya ce da dangin mamacin su yi haƙuri zaman aure ne. Laifi ne, kuma kowa ya kira shi laifi. Abin da muke nema kenan ga ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ne ake rufewa. Maganar Turai kuma, ni ban taɓa karɓar sisin kowa ba, ɗalibaina nake gani suna zuwa aji ba su yi barci ba saboda abin da suka kwana suna ji.

Malamin Zaure:
Bismillah. Ɗana na Kurna, tunda ka kawo aya, bari mu zauna a kanta da kyau, don wannan wuri ne da ake yawan zamewa.

Wanda aka saukar wa Alƙur'ani shi ya fi kowa sanin yadda ake aiki da shi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Wannan yana cikin Muslim. An ɓata masa rai a gidansa, har ya ƙaurace wa matansa wata guda, amma bai ɗaga hannu ba. Ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Da mata suka yi ta zuwa gidansa suna kai ƙarar mazansu kan duka, ya ce waɗannan mazan ba su ne zaɓaɓɓunku ba. A Hajjin Bankwana, gaban dubban mutane, ya yi wasiyya da a ji tsoron Allah game da mata. Malaman da suka yi sharhin ayar da ka ambata sun kewaye ta da sharuɗɗa masu tsauri: ba a fuska ba, ba abin da zai bar tabo ko ya ji ciwo ba, kuma sun ce barinsa shi ne mafifici. To ka gaya min, wanda ya cire bel ko wayar wuta, wanda ya haure mai ciki, wanda ya fasa dodon kunne saboda abinci ya makara, a wane littafi ya karanta wannan?

Kuma ka karanta ayar da ke biye da ita, ta 35. Idan aka ji tsoron saɓani tsakaninsu, a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Umarnin nan ba ga ma'auratan aka yi shi ba, ga jama'a aka yi. Ke nan Alƙur'ani da kansa ya sa mutanen waje su shiga. Ban san inda muka samo cewa shiru shi ne addini ba.

Ga Alhaji na Kwari kuma: Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta. Da aka tambaye shi yadda ake taimakon azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. Idan ka buga ƙofar nan, mijin ma ka taimaka.

Matashin Kurna:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma akwai matan da bakinsu ya fi duka zafi. Ka dawo daga kasuwa ba ka samo komai ba, a tare ka da gori.

Malamin Zaure:
Akwai su, ban musa ba. Ka fita ka bar gidan, ka yi alwala, ka je wurin waliyyinta, in ta ƙi gyaruwa ka rabu da ita da kyautatawa. Duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke. A kasuwa ma ana gaya maka magana mai zafi, ba ka taɓa marin wanda ya fi ka ƙarfi ba. Mutum yana iya riƙe hannunsa idan ya san akwai abin da zai biyo baya.

Direban Adaidaita:
Malam ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni a majalisa nake zama kullum bayan Isha'i, kuma a nan ake koyon abin nan. Ango zai zo yana ƙorafi, sai wani ya ce ai tun farko ake saita mace, in ba ka nuna mata kai namiji ba ne ta raina ka. A yi dariya a tafa. Wani ya ba da labarin yadda ya zane tasa, ba wanda zai ɓata fuska, a miƙo masa shayi. Yaro ɗan shekara ashirin yana gefe yana ji, shi ma gobe zai yi aure.

Ga ƙwaya. Tun da aka hana kodin a 2018 ba a daina shaye-shaye ba, wasu abubuwan aka koma. Ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023, mutum ya wuni yana zagaye bai haɗa balas ba. Ban ce wannan uzuri ne ba, don na san masu kuɗi a manyan unguwanni da ke dukan matansu, katangarsu ce dai doguwa ba a ji. Kuma na san talaka tilis da bai taɓa zagin matarsa ba. Amma in za a yi gyara a fara daga majalisa. Ranar da mutum zai ba da labarin dukan matarsa a yi tsit, wani babba ya ce kai wannan abin kunya ne, ranar za a fara ganin canji.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, ku bar ni in faɗi laifinmu mu iyaye mata, don ba maza kaɗai ba ne. Yarinya za ta zo gida da yaji, fuska a kumbure. Kafin ta sha ruwa an ce tashi ki koma, aure ɗan haƙuri ne, mu ma haka muka zauna. Uban ko kallon fuskar ba zai yi ba, ƙanenta za a haɗa ta da shi ya raka ta. Me ka gaya wa mijin nan? Ka gaya masa ba ta da gata, ya ci gaba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gida ya cika, abinci ba ya isa, ana tsoron ta dawo da 'ya'ya uku, ana tsoron a ce 'yar wance ta kasa zaman aure. Ga kayan ɗakin da aka ci bashi aka yi. Amma a da, da muke ganin ba a waye ba, idan aka taɓa yarinya kawunta ne zai saka babbar riga ya tafi gidan da kansa, ya zauna a soro ya sa a kira masa mijin da wanda ya karɓar masa auren. Ba za ta koma ba sai an zo biko, an yi magana gaban manya. Yanzu waliyyi daga ranar ɗaurin aure ya gama aikinsa, ya ci alawa ya tafi.

Barista:
Hajiya Allah ya ƙara girma. Bari in ƙara da ɓangaren shari'a, don mutane da yawa ba su san haƙƙinsu ba.

Na farko, a dokar Final Kod, wato kundin dokokin laifuka da Arewa ta gada tun kafin mulkin kai akwai sashe na 55, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, idan al'adarsu ta yarda da haka. Lauyoyi sun daɗe suna neman a cire shi. Gwamnatin tarayya ta yi dokar VAPP a 2015, wadda ta haramta dukan abokin zama da korarsa daga gida da sauransu, amma a Abuja take aiki sai jiha ta karɓe ta. Yawancin jihohi sun karɓa, Kano kuwa ta daɗe cikin 'yan ƙalilan da suka rage, ana ta kai-kawo a kan shigar da tanade-tanadenta cikin dokar jiha. Dokar kare yara dai an sa mata hannu a 2023.

Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci ga tambayar Maman Biyu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na Musulunci ke bi, mace tana da damar alƙali ya raba auren saboda cutarwa, kuma ba sai an yi ta maimaita cutarwar ba. Wannan daban yake da khul'i. A khul'i ita ke mayar da sadaki ta fanshi kanta. Idan cutarwa ta tabbata, ba ta biyan ko kwabo. Abin da ke faruwa kullum shi ne, mace ta sha duka shekara da shekaru, ta zo kotu, mijin ya musa, a ce ta kawo shaida, duk layin ba wanda zai zo. Sai ta koma neman khul'i, ta sayar da gadonta da katifarta ta biya wanda ya karya mata hannu.

Alhali malaman Malikiyya sun sauƙaƙa. A Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke karantawa, an ce cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya yaɗu a tsakanin mutane. Wato maƙwabcin da bai gani da idonsa ba, amma abin ya zama sananne a unguwa, maganarsa tana da nauyi. Shirun da kuke yi ba tsaka-tsaki ba ne, a kotu mijin yake yi wa aiki.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta tarayya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam a nan Kano. Hisbah ma tana karɓar ƙorafin aure kullum. Duk inda za a je, takardar likita ta ranar da abin ya faru ta fi dogon bayani.

Ɗan Kwari:
Barista, wallahi ban taɓa sanin maganar shaidar nan ba. Na ɗauka sai wanda ya gani ƙuru-ƙuru.

'Yar Fagge:
Ni ina tare da Sarki Sanusi. A taron da aka yi a Jami'ar Bayero a ƙarshen 2024 ya ce yana gaya wa 'ya'yansa mata duk mijin da ya mare su su rama. Tun 2017 yake neman a yi dokar iyali aka yi masa ca. Da kowane uba zai faɗi haka ranar kai amarya da an samu sauƙi.

Nas Mai Aikin Dare:
'Yar'uwa, na fahimci abin da Mai Martaba yake nufi, yana gaya wa surukansa ne cewa 'ya'yansa suna da gata. Amma ni ba zan ba kowace mace shawarar ta rama ba. 'Yar sarki ta san inda za ta koma. Wadda ke ɗaki ɗaya a ƙarshen gari, da mutumin da ya sha wani abu, ga wuƙa a kusa, ramawa na iya zama ajalinta. Ta fita ta tsira da ranta.

Kuma tunda ana maganar kafa masu shiga tsakani, ku san alamomin da ba a yin sulhu a kansu a daren. Idan ya taɓa shaƙe ta a wuya. Idan ya zaro makami. Idan ya ce sai ya kashe ta ko ya kashe kansa. Idan yana dukanta da ciki. Waɗannan ba zo-mu-zauna-zo-mu-saɓa ba ne. Sannan lokacin da mace ta ce za ta tafi, ko budurwa ta ce ta fasa, yana cikin lokutan da suka fi haɗari. Duk mun tuna Ummita da saurayinta ya kashe a unguwar Janbulo a 2022, har cikin gidan iyayenta ya bi ta. Kar a ce don ta koma gida shi ke nan an huta.

Admin:
Wata 'yar'uwa ta turo min wannan ta akwatin sirri, ta ce a saka ba suna:

"Ni abin ya faru da ni. Na kai ƙara wani ofishi, aka zaunar da mu, aka ce ya ba ni haƙuri, ya bayar, aka ce in bi mijina. A hanya ya ce sai na gane kurena, kuma na gane. Wanda ya cece ni wani tsoho ne mai gyaran keke a layinmu. Duk daren da ya ji, sai ya zo ƙofar gida ya yi ta sallama da ƙarfi yana kiran sunan maigidan, ba ya dainawa sai ya fito. Ba ya zaginsa, cewa yake zo mu je masallaci ina da magana. Matarsa kuma ta shigo ta zauna da ni. Daga baya ya daina zuwa shi kaɗai, yana tafe da ladan. Ranar da na je kotu su biyun suka tsaya min. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da nake roƙo, in za ku yi sulhu kar ku tambayi mace a gaban mijin. Ba za ta iya faɗa ba."

Hajiya Babba:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya sa Aljanna ce makoma. Ke kuma 'yata Allah ya musanya miki da alheri.

Malamin Zaure:
Amin. Wannan dattijo ya fi mu fahimtar hadisin da na kawo.

Ɗalibin Lafiyar Al'umma:
Abin da Baba ya yi, a wasu ƙasashe tsara shi aka yi. A Indiya an yi wani kamfe tun 2008 da ke kiran maza su buga ƙararrawar gidan da suka ji ana duka, ko da da sunan aron wani abu ne, don mai dukan ya san an ji. A Kampala ta Yuganda kuma akwai shirin SASA!, inda aka horar da mutanen unguwa, maza da mata, su riƙa tayar da zancen a inda jama'a ke taruwa, tare da shugabannin unguwa da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya. Da aka auna, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna dukan mata a unguwannin da aka yi shirin ya yi ƙasa da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi ba. Abin lura, shekaru aka ɗauka ana yi, ba taron otal na kwana ɗaya ba. Mu nan sai kwanaki 16 na gangami sun zo, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, a buga riguna a yi tattaki, sai kuma baɗi.

Kuma mu muna da abin da su sai da suka gina. Kowace unguwa da mai unguwa, sama da shi dagaci da hakimi. Kowane layi da masallacin da ake haɗuwa sau biyar. Ga Islamiyyun matan aure, ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da ke aiki tun 1985, ga 'yan sintiri. An taɓa yin Zauren Sulhu da A Daidaita Sahu a zamanin Malam Shekarau. Tsarin yana nan, ba a ɗora masa wannan aikin ba ne.

Na Ƙofar Mai Unguwa:
Ina zama a ƙofar mai unguwarmu, bari in gaya muku inda gizo ke saƙa. Ana kawo irin wannan ƙara sosai. Amma mai unguwa ba shi da littafin da yake rubutawa, don haka wanda aka kawo sau biyar kamar yau aka fara kawo shi. Zaman kuma a fili ake yi, maza zalla, matar tana durƙushe a gefe da mayafi ta rufe fuska. In mijin mai hannu da shuni ne, shi ya sayi janareton masallaci, to harshen kowa ya yi nauyi. Ni shawarata, a samu littafi, a sa hannu, a gaya wa mutum ƙarara cewa karo na biyu ba a nan za a tsaya ba, kuma unguwa za ta ba da shaida.

Anti Malama:
Kuma dole a sa mata a ciki. Dattijuwa biyu ko uku masu riƙe sirri, irin ungozoma ko malamar Islamiyya, su za su ji ta bakin matar a keɓe.

Matashin Kurna:
Nan kuma ban yarda ba. In aka sa mata, gobe labarin gidan mutum yana gidan biki. Kuma wa zai hana a yi amfani da kwamitin a ci mutuncin wanda ba a so? Mace ta yi ƙarya fa?

Barista:
Tsoronka na biyu yana da tushe, shi ya sa kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya yanke hukunci, ba ya dukan kowa, ba ya tara wa mutum jama'a. 'Yan sintiri su ja kunnen yaransu, in aka taru aka lakaɗa wa miji duka an aikata wani laifin, kuma a kanta zai huce. Ba ɗaukar bidiyo, ba sakawa a Facebook ko TikTok. Aikin uku ne: a tsayar da dukan a lokacin, a kai ta inda za ta tsira a duba lafiyarta, a faɗi gaskiyar abin da aka ji idan an tambaya. Wanda aka yi wa ƙarya, wannan littafin da waɗannan shaidun su za su wanke shi. Na farkon kuwa, mazan majalisa ma suna yaɗa zance. Mutum ake zaɓa, ba jinsi ba.

Malamin Zaure:
Akwai wani wuri da ba a taɓo ba, binciken aure. Fatima bint Ƙais ta zo wa Annabi (SAW) da shawarar masu nemanta, ya gaya mata a fili cewa Abu Jahm mai dukan mata ne, ya nuna mata wani. Bai ce wannan gulma ce ba. Mu kuwa mutum ya saki mata biyu duk da rauni a jikinsu, a zo tambaya a layinsu a ce ba shi da matsala, yana sallah a sahun farko. Wanda ya faɗi haka yana sane ya ci amana. Jiha ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, abu mai kyau. Ina fatan a haɗa da bita ga ango da amarya, musamman a auren gata irin wanda aka ɗaura wa mutum 1,800 da amarensu a 2023. Ni dai zan yi wa limaminmu na Juma'a magana a kan huɗuba, kuma ba sau ɗaya ba.

Ɗan Kwari:
To ni ga nawa. Dare ya yi aka ji ihu a layinmu, a kira ni, zan fito, amma da sharaɗin mu uku ne aƙalla kuma da dattijo. Direba, kai fa?

Direban Adaidaita:
Mashin ɗina a ƙofar gida yake kwana. In asibiti ne ko gidan iyayenta, ko ƙarfe nawa ne, ba kuɗin mai. Majalisa kuma ku bar ni da su, amma Malam ka riƙa leƙo mu, sun fi jin nauyinka.

Maman Biyu:
Saura abu ɗaya da ba wanda ya amsa. An buga ƙofa, an fito da ita ƙarfe ɗayan dare, iyayenta suna Bichi ko Rano, ko kuma suna nan amma mun san da asuba za su mayar da ita. A ina za ta kwana, ita da yaran? Kuma wa zai biya kuɗin kati da magani?

Hajiya Babba:
Daren farko ɗakina yana nan, ni kaɗai ce da jikata. Amma ba zan iya riƙe mace mako guda ba tare da sanin waliyyinta ba, kar a ce na kashe aure. Sai mai unguwa ya sani tun a daren, shi kuma ya nemo kawunta ko wanta.

Na Ƙofar Mai Unguwa:
Zan gaya masa gobe bayan Azahar. Maganar kuɗi sai an zauna, don asusun masallaci na gyaran rufi ne, ba za su yarda a taɓa ba.

Admin:
To mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a makarantar Islamiyya, mata a ajin ciki, maza a baranda. Barista don Allah ka zo da lambobin ofisoshin da ka ambata. Na Kurna, kai ma ka zo da ƙorafinka, gara a ji shi a can. Anti Malama, ki nemo mana ungozomar da kike nufi, a tambaye ta ko za ta yarda kafin a sa sunanta.